Giwa a Kan Garinmu

A Kasuwar Barci na tsinci littafin,
cikin buhun takardun da masu ƙosai ke saye da kilo.
Ba na asali ba ne, hoto ne aka sake bugawa
na taswirorin da Turawan dauri suka sassaƙa a jikin tagulla
ƙarni huɗu da ɗoriya.
Bangonsa ya tafi, gara ta ci rabin wani teku.

Na kai wa kakana Malam Tambai a Unguwar Shanu,
wanda ya shekara talatin da ɗaya a ofishin safiyo
yana jan layi da alƙalami mai bakin allura.
Yanzu ido ya ƙi,
duniya yake hange kamar ta cikin ruwan koko.
Ya ce, Hajjo, duba mini, ina muke?

Na bi da yatsa.
Ga Kano, an rubuta ta kamar da bakin baƙo.
Ga Katsina a karkace,
ga Zazzau, sai da na faɗa sau uku na gane ta,
ga Gobir can inda ba ta taɓa kwana ba.
Ga wani kogi ya taso daga gabas,
ya nutse cikin ƙasa, ya ɓullo, ya miƙe yamma abinsa.
Na ce, Kaka, ba mu nan.
Inda ya kamata a ce mu ne, giwa ce tsaye,
kunnuwa kamar faifai, ƙafafu irin na doki.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ko kada ɗaya ba su ba mu ba?

Na ce maƙaryata ne.
Ya ce a'a, sassauta.
Mutumin nan bai taɓa shan ruwan rijiyarmu ba.
Daga matuƙin jirgi ya ji,
shi kuma daga ɗan kasuwa,
shi kuma daga madugun da barci ke fizga a zango.
Labari ya hau raƙumi, ya hau teku,
ya sauka a garin da ruwa ke daskarewa,
ai dole ya rame a hanya.
Kuma a juye yake sassaƙawa, dama a hagu, hagu a dama,
don in an danna takarda ta fito daidai.
Inda labari ya ƙare masa, tagulla ba ta ƙare ba,
mai saye kuwa ba ya biyan kuɗin fili.
Sai ya ajiye giwa.

Ya yi shiru. Ana kiran la'asar.

Ya ce, shekarar da aka haifi uwarki
an tura mu bayan Kajuru da sarƙar awo.
Ruwa ya tsuge kwana shida, gada ta tafi,
leburori suka ce ko da kuɗi ba sa ƙara taku.
Wani makiyayi ya nuna da sanda:
bayan dutsen can akwai rafi, kudu yake gangarawa.
Ban je ba.
Na ɗiga shi ɗigo-ɗigo, alamar an ce.
A ofis wani mai son tsabta ya haɗe ɗigon,
aka buga, aka rataye a ajujuwa.
Har gobe ban san ko akwai rafin ba.
Wataƙila wani ya taɓa bin layina da ƙishirwa.

Da zan koma Barnawa na tsaya a kan gada.
Waya ta ɗiga mini shuɗin ɗigo, wai ga ki nan.
Ta nuna titi a bakin kogi, har da suna,
inda ambaliyar bara ta kwashe,
inda yanzu masu yashi ke lodin tifa.

Washegari ya sa na kawo littafin kuma.
Bai nemi Kano ba, bai nemi kogin ba.
Ya miƙo hannu ya ce,
ɗora mini yatsa a kan giwar nan,
in gaisa da abokin aiki.